Rediyon jirgin ruwa: yadda ake kiran neman ceto, da dalilin da ya sa wayar hannu ba ta maye gurbinsa ba

A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. A farkon Oktoban 2024 kuma aka sake yin irin wannan rashi a Gbajibo da ke ƙaramar hukumar Mokwa a jihar Neja, inda jirgin masu bikin Mauludi ya kife. Bayan kowane haɗari maganar da ake yi kusan ɗaya ce: lodi fiye da kima, tafiyar dare, rashin rigar kariya, da kututturan da ke kwance a ƙarƙashin ruwa.

Akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba. A lokacin da ruwa ya fara shiga jirgi, ta wace hanya matuƙi zai sanar da waɗanda za su iya kawo ɗauki? A tekunan duniya an daɗe da amsa wannan tambaya, kuma amsar ita ce rediyon jirgin ruwa. Sai dai mutane da dama na ganin tunda kowa na da waya a aljihu, batun rediyo ya zama tsohon yayi. Wasu kuma na ɗauka da zarar an sayi na'urar an gama. Duka fahimtar biyu na buƙatar gyara.

## Wane irin rediyo ake nufi

Ba akwatin sauraron labarai ba ne. Na'ura ce ta magana da saurare, 'yar uwar oba-oban da ake gani a hannun 'yan sanda, amma an keɓe mata zango nata na musamman da ake kira VHF na ruwa, wanda ya fara daga megahaz 156. An rarraba wannan zango zuwa layuka masu lamba, kuma Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ce ta tsara aikin manyan layukan, ta yadda jirgin da ya taso daga Legas zai iya magana da tashar Rotterdam ko ta Jidda ba tare da ya sauya na'ura ba.

Iri biyu ne. Akwai na girke, wanda ake ɗaurawa a ɗakin tuƙi a haɗa shi da batirin jirgi da doguwar eriya, ƙarfinsa yakan kai wat 25. Akwai kuma na hannu, mai batirin kansa, wanda bai cika wuce wat 5 ko 6 ba.

Abin da ya fi ƙarfin na'ura muhimmanci shi ne tsayin eriya. Saƙon VHF a miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar ƙasa sai ɗan kaɗan, don haka tudu, tsibiri ko kwanar kogi na iya tare shi. Idan mutum biyu na tsaye a kwale-kwale biyu, kowa da rediyon hannu, a kan buɗaɗɗen ruwa da wuya su ji juna bayan kilomita 10, sau da yawa ma ba a kai haka. Idan kuwa ɗayan ɓangaren tasha ce a gaɓa mai eriya a kan hasumiyar mita 30, nisan zai iya haura kilomita 25. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin duk wata muhawara kan amfanin rediyo a kogi: ƙaramin rediyo a jirgi yana yin nisa ne gwargwadon tsayin eriyar mai sauraronsa.

## Daga Titanic zuwa jan maɓalli

Dokokin da ake bi a yau sun samo asali ne daga daren 14 ga Afrilun 1912, lokacin da Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a Tekun Atlantika. Jirgin na da na'urar aika saƙo, kuma ya aika. Jirgin da ya fi kusa da shi, Californian, ma'aikacin rediyo ɗaya tal gare shi, ya kuma riga ya kashe na'ura ya kwanta. Jirgin Carpathia, wanda ya ji kiran daga nesa, bai iso ba sai bayan Titanic ya nutse. Ya tsamo kimanin mutum 700, sama da 1,500 suka halaka.

Darasin da ƙasashe suka ɗauka shi ne kira ba ya da amfani sai da kunnen da ke jiransa dare da rana. A 1914 aka ƙulla yarjejeniyar farko ta kare rayuka a teku, SOLAS, wadda sigarta ta 1974 ce ake aiki da ita yanzu tare da gyare-gyare. A 1988 Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, ta amince da sabon tsarin neman ceto mai suna GMDSS, aka fara aiwatar da shi a 1992, ya kankama gaba ɗaya ranar 1 ga Fabrairun 1999. Kafin shi, jirgin da ke cikin haɗari ya dogara ne ga wani jirgin da ya yi sa'ar jin sa. Bayan shi, an mayar da nauyin karɓar kira da shirya ceto kan cibiyoyin da ke tudu, aka kuma haɗa rediyo da taurarin ɗan'adam. An sabunta tsarin, gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, bayan an riga an buɗe ƙofa ga kamfanin sadarwar taurarin ɗan'adam na Iridium ya shiga aikin da a da kamfanin Inmarsat kaɗai ke yi.

A nan ne ruɗani ke shigowa. GMDSS wajibi ne a kan jiragen fasinja masu ƙetara ƙasa da ƙasa, da jiragen dakon kaya masu girman tan 300 zuwa sama da ke irin wannan tafiya. Bai hau kan kwale-kwalen masunta ba, bai hau kan jirgin katako mai injin Yamaha da ke kai mutane kasuwar Yawuri ba. Waɗannan kowace ƙasa ce ke yi musu doka, ko ta bar su haka nan.

## Layi na 16 da ladabin magana

Layi na 16, wato megahaz 156.8, shi ne na neman ceto da na kiran farko a duk duniya. Ƙa'ida ita ce duk jirgin da ke da rediyo a kunne ya bar shi a kan 16 muddin ba ya magana a wani layin. Idan kana neman wani jirgi, sai ka kira sunansa a 16, ya amsa, nan take ku koma wani layin hira, kamar 8 ko 72, ku bar 16 a buɗe. Layi na 13 na matuƙan manyan jirage ne don su daidaita yadda za su gifta juna. Layi na 70 kuwa ba a magana a kansa sam, na saƙon na'ura ne, za a zo kansa a gaba.

Dalilin wannan tsauri yana cikin yadda na'urar ke aiki. A waya mutum biyu na iya magana lokaci guda. A rediyo sai ka danna maɓalli ka yi magana, ka saki kafin ka ji amsa, shi ya sa ake cewa "oba" don ɗaya ɓangaren ya san an ba shi fili. Idan mutum biyu suka danna tare, mai ƙarfin saƙo ne ke danne mai rauni. Ke nan jirgin da ke hirar farashin kifi da wat 25 a layi na 16 zai iya shafe muryar wanda ke nutsewa da ƙaramin rediyon hannu, shi kuma bai ma san ya yi ba. Haka abin yake idan maɓallin magana ya maƙale, ko aka ajiye makirufo a inda wani abu ya danne shi: duk yankin zai toshe, mai laifin kuwa ba zai ji masu yi masa magana ba domin na'urarsa na aikawa ne, ba ta karɓa.

Saboda haka kowane rediyo ke da maɓallin rage ƙarfi zuwa wat 1. Idan wanda kake nema yana kusa, da shi ake so ka yi amfani, don kada maganarka ta cika kunnen jiragen da ke nesa, batir kuma ya daɗe. Akwai wani maɓallin da ke kashe ƙarar shuuu da ake ji idan ba mai magana. Masu koyo sukan murɗa shi har ƙarshe don su huta da hayaniya, alhali yin haka na toshe raunanan kiraye-kiraye daga nesa, waɗanda galibi su ne na masu neman taimako. Daidai shi ne a murɗa har ƙarar ta ɗauke, a tsaya nan.

## Kira uku, kowanne da matsayinsa

Dokar rediyo ta duniya ta ware kalmomi uku da ake buɗe kiran gaggawa da su, kuma ba a fassara su zuwa wani harshe, yadda kowa zai gane su ko da bai ji sauran maganar ba.

"Mayday" na haɗarin da ke barazana ga rai ko ga jirgi nan take ne: jirgi na nutsewa, gobara ta tashi, an yi karo. "Pan-Pan" na matsala ce mai gaggawa da ba ta kai ga haka ba tukuna, misali inji ya mutu ruwa na jan jirgi, ko wani ya ji rauni yana buƙatar shawarar likita. "Sécurité", da ake furtawa sekurite, ta gargaɗi ce ga sauran jirage, kamar hadari na tahowa ko an ga gungume yana yawo a hanya. A rayuwar yau da kullum wannan ta ukun ta fi yawan amfani, domin tana hana haɗarin kafin ya auku.

Kiran Mayday yana da jeri, kuma an tsara jerin ne don mai firgita ya samu abin bi. Ana komawa layi na 16, a sa ƙarfi a sama, a danna a ce Mayday sau uku, a faɗi sunan jirgi sau uku. Daga nan sai inda ake, sai abin da ya faru, sai irin taimakon da ake so, sai yawan mutanen da ke ciki, sai duk wani bayani da zai taimaka a gane jirgin, kamar launinsa. A ce oba, a saki maɓalli, a saurara. In ba a amsa ba, a maimaita.

Cikin waɗannan duka, wuri shi ne kan gaba. Idan batir ya mutu ko ruwa ya cinye na'ura bayan an faɗi wuri, masu ceto sun samu abin kamawa. Wanda ke da GPS zai karanto lambobin da ke kai. Wanda ba shi da shi zai kwatanta da abin da kowa ya sani: kudu da gada kaza, daura da ƙauye kaza, tafiyar rabin awa daga mashiga kaza. A teku Turanci ne harshen aiki, har IMO ta fitar da jerin jimloli na bai ɗaya a 2001 don rage rashin fahimta tsakanin ma'aikatan ƙasashe daban-daban. A kogin da duk matuƙansa Hausa ko Nupanci suke ji, hankali ya nuna bayanin da ke biyo bayan kalmar Mayday ya kasance da harshen da masu kawo ɗauki za su gane.

Wanda ya ji kiran ma akwai abin da ya hau kansa. Zai daina duk wata magana a layin, ya rubuta wuri da sunan jirgi, ya ɗan saurara ko tashar ceto za ta amsa. Idan shiru, shi zai amsa, kuma zai iya isar da kiran gaba da kalmomin "Mayday Relay". Dokar teku ta ɗora wa kyaftin alhakin kai ɗauki ga duk wanda ke cikin haɗari matuƙar yin haka ba zai jefa nasa jirgin cikin babban haɗari ba. Kiran ƙarya kuwa laifi ne babba a ƙasashe da yawa. A Amurka yana kai mutum gidan yari, a kuma ci shi tara har da kuɗin da aka kashe wajen neman sa.

## Jan maɓalli da lambar jirgi

Rediyoyin zamani na ɗauke da jan maɓalli a ƙarƙashin ɗan murfi. Wannan shi ne maɓallin DSC, tsarin kira da saƙon na'ura maimakon murya. Idan aka ɗaga murfin aka danne maɓallin na 'yan daƙiƙu, na'urar za ta tura gajeren saƙo ta layi na 70, duk rediyon DSC da ke kusa ya ɗau ƙara, allonsa ya nuna lambar jirgin da ke neman ceto da inda yake. Za ta ci gaba da maimaitawa kusan duk minti huɗu har sai an amsa. Amfaninsa a fili yake: ko yaro zai iya dannawa, saƙon na'ura yakan isa inda murya ba ta fita sosai, kuma babu batun bambancin harshe.

Amma yana da sharuɗɗa biyu da masu saye kan manta. Na farko, sai an saka wa rediyon lambar MMSI, lamba mai alƙaluma tara da hukuma ke ba kowane jirgi. Ukun farko na nuna ƙasa: 657 Najeriya, 656 Nijar, 627 Gana, 613 Kamaru. Da ita cibiyar ceto ke duba rajista ta san wane jirgi ne, girmansa, da wanda za a tuntuɓa a gida. Na biyu, sai rediyon na da GPS a ciki ko an jona shi da shi. In babu na farko, yawancin na'urori ba za su tura saƙon ba. In babu na biyu, za a ji ƙararrawa amma ba a san inda za a nufa ba. Ko an danna maɓallin, ana so a bi shi da kiran murya a layi na 16. Wanda ya danna bisa kuskure kada ya kashe na'ura ya yi gum, domin wataƙila an riga an tashi jirgin ceto. Zai soke saƙon, ya fito a 16 ya faɗi sunan jirgi da lambarsa, ya ce kuskure ne.

Ga masu nisa da gaɓa akwai wata na'urar daban, EPIRB, wadda ke aika saƙo a megahaz 406 kai tsaye zuwa taurarin tsarin Cospas-Sarsat da Kanada, Faransa, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kafa a 1979. Najeriya na cikin tsarin, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ce ke riƙe da cibiyar karɓar saƙon a Abuja. Ba a magana da EPIRB, aikinta kawai ta ce ga ni nan, amma ba ruwanta da tsayin eriya ko kwanar kogi.

## To, wayar hannu fa?

Masu cewa waya ta wadatar suna da hujja. Kowa na da ita, kowa ya iya ta, ba ta buƙatar lasisi, kuma a wurare da dama na bakin kogi akwai sabis. Najeriya na da lambar gaggawa ta 112. Wayar zamani na iya tura ainihin wurin da mutum yake ta WhatsApp. Rayuka da yawa sun tsira ta dalilin kiran waya, kuma hukumomin ceto na duniya ba su ce a jefar da ita ba.

Abin da suke cewa shi ne kada ta zama abin dogaro na farko, kuma dalilinsu na cikin bambancin da ke tsakanin na'urorin biyu. Kiran waya mutum ɗaya yake samu, wanda ka san lambarsa, in ya ɗauka. Kiran rediyo kamar shelar sanƙira ce a tsakiyar kasuwa, duk wanda ke kusa ya ji. A kan ruwa, wanda zai cece ka yawanci shi ne kwale-kwalen da ke bayan kwana, wanda ba ka san mai shi ba balle lambarsa. Mutumin da bai iya iyo ba kuma ba shi da rigar kariya, mintuna kaɗan gare shi. Motar agaji daga babban birnin jiha ba za ta riske shi ba, masuncin da ke tazarar kilomita biyu ne zai iya.

Sauran dalilan sun fi sauƙin gani. Hasumiyoyin kamfanonin waya garuruwa suke fuskanta, sabis yakan ɗauke a tsakiyar babban tafki ko bayan 'yan kilomitoci daga gaɓar teku. Allon waya ba ya jin yatsa idan ya jiƙe. Kati na ƙarewa. Gwamnati ma na iya rufe layukan saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta a 2021. Rediyon hannu na ruwa kuwa an ƙera shi ya jure jiƙa, wasu ma suna tasowa sama idan sun faɗa ruwa, kuma jirgin ceto mai na'urar bin saƙo na iya gano ɓangaren da kiran ya fito.

Wani abin lura: 'yan oba-oba masu araha irin su Baofeng da suka cika kasuwanni ana iya saita su a zangon ruwa, amma yawancinsu ba a ƙera su don jure ruwa ba, ba su da DSC, kuma ba su cikin na'urorin da hukumomi suka amince da su don wannan aiki.

## Idan babu mai saurare

A ƙarshen Disambar 1997 wani ƙaramin jirgin shaƙatawa mai suna Morning Dew ya daki katangar duwatsu a mashigar tashar Charleston ta Amurka cikin dare. An yi kira a layi na 16, amma ya zo a gurguje kuma bai fita ba. Jami'in da ke bakin aiki bai gane kiran neman ceto ba ne, ba shi kuma da hanyar sanin daga ina ya fito. Duka mutum huɗu da ke ciki suka rasu, uku daga cikinsu matasa. Binciken da ya biyo baya na cikin abubuwan da suka sa rundunar tsaron gaɓar Amurka ta gina sabon tsari mai suna Rescue 21, mai hasumiyoyin da ke gano alƙiblar kira da na'urar sake sauraron abin da aka faɗa nan take.

A Afirka ta Yamma misalin da ya fi girma shi ne Le Joola na Senegal, da ya kife a gaɓar Gambiya daren 26 ga Satumban 2002. An ƙera shi ya ɗauki ƙasa da mutum 600, ya ɗauko kusan 2,000, kuma alƙaluman hukuma sun ce 1,863 suka mutu. Jirgin ya juye cikin 'yan mintuna. Masunta ne suka fara tsamo waɗanda suka tsira, masu ceto na gwamnati ba su iso ba sai da gari ya waye. Haɗuran biyu sun nuna iyakar na'ura ta fuska biyu: a na farko an yi kira ba a gane ba, a na biyu lodin ya sa abin ya faru da saurin da bai bar lokacin kira ba.

## Lasisi: tsauri ko sassauci

Ƙasashe sun rabu kan yadda za a bi da ƙananan jirage. A Birtaniya sai jirgi ya samu lasisin rediyo daga hukumar Ofcom, mai amfani da shi kuma ya ci wata 'yar jarrabawa ya karɓi takardar shaida. Hujjarsu ita ce layi na 16 na kowa ne, wanda bai koya ba zai ɓata shi. A Amurka tun 1996 aka cire wa ƙananan jiragen shaƙatawa da ba sa barin ruwan ƙasar wajibcin lasisi, bisa tunanin cewa takardu da kuɗi na hana mutane sayen na'urar da za ta cece su. Kowane ɓangare ya biya farashin zaɓinsa: inda aka tsaurara wasu na tafiya babu rediyo, inda aka sassauta ana fama da cunkoso da surutu a layin ceto. Abin da suka haɗu a kai shi ne wanda rayuwarsa ke cikin haɗari ya yi kira da duk abin da ya samu, da lasisi ko babu.

## Kogunanmu da tafkunanmu

A Najeriya aikin ya kasu biyu. Hukumar NIMASA ce ke kula da teku da manyan jirage, kuma a Legas akwai cibiyar shirya ceto ta yanki da ke hidima ga Najeriya da wasu ƙasashen gaɓar Tekun Gini. Ruwayen cikin gida kuwa suna hannun hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja. Tun 2023 hukumomin biyu na ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar harkokin teku. Matakan da NIWA ta fi ƙarfafawa su ne hana tafiyar dare, hana lodi fiye da kima, tilasta sanya rigar kariya, da girke jami'ai a mashigai.

Masu goyon bayan wannan fifiko na cewa jirgin katako da ya yi lodi ya daki kututture tsagewa yake yi nan take, ba ya ba da damar kira, don haka kuɗin da za a kashe kan rediyo gara a sayi riguna da shi. Suna ƙarawa da cewa a yankunan da ke fama da 'yan bindiga, ko a Tafkin Chadi, yawaitar oba-oba a hannun farar hula na iya jawo zargi daga jami'an tsaro, ko na'urorin su faɗa hannun da bai dace ba.

Ɗaya ɓangaren na cewa abubuwan biyu ba kishiyoyi ba ne. Riga na tsawaita lokacin da mutum zai yi a saman ruwa, rediyo na rage lokacin da zai jira. Ba kowane haɗari ne ke zuwa farat ɗaya ba: inji na mutuwa, jirgi na yoyo a hankali, iska na tasowa a Kainji, tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 100. A irin waɗannan, Pan-Pan ko gargaɗin hadari daga jirgin da ke gaba na iya hana a kai ga kifewa. A ganinsu ba sai an kwaikwayi GMDSS gaba ɗaya ba. Rediyon girke mai doguwar eriya da farantin sola a kowace babbar mashiga, a hannun ƙungiyar matuƙa ko sarkin ruwa, da na hannu ɗaya a kowane jirgin fasinja, zai haɗa matuƙa da masu iyo na gari, waɗanda dama su ke yin ceton.

Idan aka auna, hujjar farko ta fi ƙarfi a kan haɗuran da suka fi kisa, ta biyu kuma ta fi ƙarfi a kan waɗanda ake iya kaucewa. Raunin ta biyun shi ne ɗorewa: wa zai zauna a bakin na'ura daga asuba zuwa dare, wa zai biya shi, wa zai sauya batir idan ya mutu bayan shekara biyu.

## Abin da zai shafi matuƙi da fasinja

Idan wata rana aka wajabta rediyo a jiragen fasinja na cikin gida, matuƙi zai ɗauki kuɗin saye, na rajista da na caji, kuma abu ne sananne cewa irin wannan kuɗi kan fasinja yake komawa. Doka ba tare da horo ba za ta iya mayar da layi na 16 dandalin neman fasinja da gaishe-gaishe. Horon kansa ba mai tsawo ba ne, a Birtaniya kwas ɗin yini guda ne, amma sai an yi shi da harshen matuƙan, a kuma yi la'akari da waɗanda ba sa karatun boko. Ga wanda ya riga ya mallaki na'urar, abubuwan kiyayewa kaɗan ne: a gwada ta kafin a tashi a wani layin da ba 16 ba, a rataye ta hannu a jiki maimakon a cusa ta ƙarƙashin buhuna, a riƙe eriyarta a tsaye lokacin magana, a guji taɓa eriyar girke idan ana tsawa, a kuma nuna wa yaron jirgi yadda ake kira, domin matuƙin na iya zama farkon wanda zai faɗa ruwa.

Akwai sashe ɗaya na kiran Mayday da ya fi ƙarfin na'ura: yawan mutanen da ke ciki. Masu ceto na buƙatar wannan adadi don su san jirage nawa za su tura da lokacin da za su daina nema. A Warrah da Gbajibo alƙaluman waɗanda ke cikin jirgin sun yi ta sauyawa daga rahoto zuwa rahoto, kwanaki ana tsamo gawa ba a san saura nawa ba. Matuƙin da zai iya faɗin wannan adadi a rediyo sai ya ƙirga fasinjojinsa a mashiga ya bar lissafin a hannun wani a tudu, kuma a lokacin ƙirgar ne lodin da ya wuce kima ke fitowa fili.